Jimnastik ba sassarfar safe ba ce

Tun daga gasar Olamfik ta Paris a 2024, lokacin da bidiyon 'yar wasan Amurka Simone Biles suka cika wayoyi, kalmar jimnastik ta shiga bakin kowa a Maraɗi. Za ka ji mai shiri a rediyo ya ce mata sun fito jimnastik, alhali sassarfa suka yi da safe don rage ƙiba. Ɗan siyasa ya sauya baki, a ce ya yi jimnastik. Wannan na biyu ya fi ɓata mini rai, domin ya mai da kalmar sunan zamiya, ga shi kuwa wasan kacokan a kan dira daidai da tsayawa cak aka gina shi.

Ta lakkwal kalmar ta iso mana daga Faransanci, tushenta kuma Girkanci ne, daga kalmar da ke nufin tsirara, don mutanen Girka na dā ba tufafi suke motsa jiki ba. A yau wasa ne mai hukuma ta duniya tun 1881, mai kayan aiki ƙayyadaddu: huɗu ga mata, shida ga maza. Sandar da mata ke tafiya a kai tsawonta mita 5, tashinta daga ƙasa santimita 125, faɗinta santimita 10 kawai, wato da ƙyar ta fi faɗin tafin ƙafa. A kanta ake alkafura da baya.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne zancen kyau. Ana ɗauka alƙalai na ba da maki ga wadda ta fi burgewa. A Montreal a 1976, Nadia Comaneci ta Romaniya, tana da shekara 14, ta samu maki 10 cif, abin da ba a taɓa gani ba a jimnastik ɗin mata na Olamfik, har allon ya rubuta 1.00 don ba a ƙera shi da gurbin lamba huɗu ba. Wancan goman ba ladar fuska ba ne, ma'anarsa alƙalai sun nemi abin ragewa sun rasa. Daga 2006 an raba makin gida biyu: ɗaya na wahalar abin da aka yi, ba shi da iyaka, ɗaya na tsabtar aiki, wanda ke farawa daga 10 ana zaftarewa. Ƙaramin taku bayan dira yana cin 0.1, babba 0.3, faɗuwa maki 1 sukutum. Gwiwa ta lanƙwashe, ƙafafu sun ware a sama, yatsu ba su miƙe ba, duk da farashinsu. Kyan da muke gani sakamakon rashin waɗannan kurakurai ne. Duk wanda ya san kokowa ya san kaye mai kyau daga kafa ƙafa yake farawa, tun kafin filin ya ɗauki ihu.

Sai fim. Tashin ɗan wasa sama da dirarsa ba ya wuce wajen daƙiƙa ɗaya. Kyamara ta ɗauki hoto 240 a daƙiƙa, a nuna maka 30, abin ya ja ninki takwas, jiki ya zama kamar yana shawagi. Nan yaudarar take. An yanke gudun da ya ba da ƙarfin tashi, ba a gaya maka daɓen mai sifirin ne a ƙarƙashi ba, an ɗora kiɗa a kan ƙarar dira, an kuma tsaya a kan murmushi. Murmushin nan ma bai isa shaidar farin ciki ba. A Tokyo a 2021 Biles ta janye daga yawancin wasanninta domin in tana sama sai ta daina sanin inda ƙasa take, kuma wanda ya rasa wannan yana iya dira a kan wuyansa. Farin cikin da na yarda da shi a wasan nan shi ne na yaron da ya yi makonni yana gwada tsayuwa a kan hannu, ran nan jikinsa ya amsa.

Shi ya sa yaran da ke kwaikwayon bidiyo a rairayin gulbi suke damuna. Suna farawa daga ƙarshe. Tsarin koyo shi ne a dumama jiki minti 10, musamman wuyan hannu, kafaɗa da idon sawu. Sai mirginawa gaba, haɓa a manne da ƙirji, nauyi a kan kafaɗa, kada kai ya ɗauke shi. Daga nan tsayuwa a kan hannu a jikin bango, gwiwar hannu a miƙe, ciki a tamke, har yaro ya iya riƙewa daƙiƙa 30. Alkafura da baya ita ce ta ƙarshe, a kan katifa mai kauri, da babba wanda ya iya tallafe baya da cinya. Kuskuren da aka fi yi shi ne jefa kai baya tun ƙafa ba ta bar ƙasa ba: tashin ya gajarta, juyin bai cika ba. Rairayi kuwa yana shanye ƙarfin tsalle, ya ƙara rage tsayin da ake bukata.