Zane-zanen Van Gogh na farko: tambayoyi da amsoshi

Wane ne Van Gogh, kuma yaushe ya fara zane?

Vincent van Gogh mutumin Holan ne, an haife shi a ƙauyen Zundert a 1853. Ya daɗe yana lalube kafin ya gano sana'arsa: ya yi aiki a kamfanin dillalan zane-zane, ya koyar a Ingila, ya yi wa'azi a cikin masu haƙar kwal na Borinage a Beljiyam. Sai a 1880, yana da shekara 27, ya duƙufa ga zane. A birnin Hague ne mai zane Anton Mauve, mijin 'yar kawunsa, ya koya masa aiki da fenti.

Me ya sa zanensa na farko suka yi duhu haka?

Duk wanda ya saba da launin rawaya mai ƙyalli na ayyukan da ya yi daga baya zai yi mamaki. Daga ƙarshen 1883 zuwa 1885 yana ƙauyen Nuenen a Holan, inda mahaifinsa yake limamin coci, kuma masaƙa da manoma ne suka ɗauke masa hankali. Yana koyi da Millet na Faransa, mai zana talakawan karkara, saboda haka launin ƙasa-ƙasa da toka-toka da kore mai duhu ya zaɓa da gangan.

Wane zane ne ya fi fice a wannan lokaci?

"Masu Cin Dankali", wanda ya kammala a 1885. Mutum biyar ne zaune a ƙaramin ɗaki ƙarƙashin fitila guda, suna cin dankalin Turawa a akushi ɗaya, wata dattijuwa tana zuba kofi. Kafin ya fara, ya shafe watannin sanyi yana zana fuskokin manoma da hannayensu. A wasiƙunsa ga ƙanensa Theo ya bayyana cewa yana so a ga hannun da ke shiga akushin shi ne ya noma ƙasar. Shi ya sa fuskokin suka yi kaushi, yatsun suka yi gaɓa-gaɓa. A ganina, nan ƙarfin zanen yake: bai yi wa talauci kwalliya ba. Yanzu yana gidan tarihi na Van Gogh a Amsterdam.

An yaba masa?

Ina! Theo, da ke dillancin zane a Paris, ya sha nuna masa cewa ayyukan sun yi duhu da yawa ga kasuwar can. Abokinsa Anthon van Rappard kuwa ya soki yadda ya zana jikin mutanen, sukar da ta ɓata abotarsu.

Yaushe launukan suka sauya?

Ya koma Antwerp a ƙarshen 1885, daga nan ya isa Paris a 1886. A can ya ga ayyukan masu zane da launuka masu haske da hotunan Japan, fentinsa ya washe cikin shekara biyu.