Sofistawan Girka ba duka ne 'yan yaudara ba

Wallahi abin yana damuna, da an ce sofist, wato malaman nan masu koyar da iya magana a tsohuwar Girka, sai a ce ai mayaudaran nan ne masu mai da ƙarya gaskiya don kuɗi. To wa ya ba mu labarinsu? Yawanci masanin falsafa Aflatun ne, wanda dama ba ya ga maciji da su, su kuwa nasu rubutun kusan duk ya ɓace.

Kuɗi kam suna karɓa, amma a Atina ta wancan zamanin ba lauyan da zai tsaya maka a kotu, kai da kanka za ka miƙe gaban ɗaruruwan masu yanke hukunci ga agogon ruwa yana ɗiga, in ba ka iya magana ba ka kaɗe. Abin da suke koyarwa kenan.

Furotagoras, ɗaya daga cikinsu, ya ce mutum ne ma'aunin komai, iska ɗaya wani ya ji sanyi wani bai ji ba, amma bai ce a watsar da doka ba, shi ma aka ba aikin tsara dokokin sabon garin Turiyoi da ke kudancin Italiya wajen shekara ta 444 kafin haihuwar Annabi Isa. Zancen adalci shi ne abin da ya amfani mai ƙarfi kuwa, wani sofist mai suna Turasimakos ne Aflatun ya sa wa a baki a rubutunsa.