Tsohon ginin asibiti: yaushe doka ke hana a rushe shi?

Duk wanda ya saba shiga tsofaffin asibitocin Bauchi da Gombe ya san irin ginin nan da ke can gefe, ɗakin kwanciya na zamanin Turawa da aka daina amfani da shi, ba kowa ciki sai jemagu da karyayyun gadajen ƙarfe. Bangonsa da kauri, rufinsa can sama, ga baranda mai faɗi, tagogi kuma na kallon juna. A lokacin babu fanka, balle na'urar sanyaya ɗaki, shi ya sa aka ja ɗakin dogo siriri don iska ta ratsa ta fice da zafi da wari, baranda kuma ta tare rana. Ka shiga da azahar a watan Afrilu, jikinka zai gaya maka magina sun san aikinsu.

Da an ji ƙishin-ƙishin katafila na tafe, sai ka ji ana cewa ai kayan tarihi ne, doka ta hana taɓa shi. A nan ake kuskure. Tsufa kaɗai ba ya kare gini a Najeriya.

Dokar da ke magana a kai ita ce mai lamba 77 ta shekarar 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, NCMM. Kafin gini ya samu kariyarta sai an ayyana shi a matsayin wurin tarihi na ƙasa. Hukumar za ta buga sanarwa a Gazet, wato jaridar gwamnatin tarayya, ta kuma miƙa wa mai ginin kwafi. Wanda bai yarda ba yana da wata biyu ya kai ƙorafinsa. Daga ranar sanarwar an ɗaure hannun kowa na ɗan lokaci, ba rushewa, ba sauya fasali. Shugaban ƙasa ne ke da ta cewa a ƙarshe. Ta irin wannan ayyanawa ce Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya shiga jerin wuraren tarihi na ƙasa tun 1956, a ƙarƙashin tsohuwar dokar 1953.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne gyara ma na iya zama laifi. Idan an riga an ayyana gini, ɗan kwangilar da ya ɓalle tagogin katako ya sa na alminiyam, ko ya lulluɓe bango da tayil, ba tare da izinin hukumar ba, ya taka doka, ko da da kyakkyawar niyya ya yi. Ni a ganina wannan gyaran ya fi katafila cinye tsofaffin gine-ginenmu, domin shi a hankali yake ɓarnarsa, har da walimar buɗewa.

Hukuncin fa? Tarar naira 1,000 ko ninki biyu na darajar abin, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin wata 12, ko a haɗa duka. Dubu ɗayar nan a 1979 kuɗi ce, yau ko buhun siminti ba ta kusa saye ba. Kuma ayyanawar kanta ba laya ba ce: ginin Ilojo Bar na Legas yana cikin jerin tun 1956, amma aka wayi gari a watan Satumba na 2016 an baje shi.

Galibin tsofaffin asibitocin nan mallakar gwamnatin jiha ne, fili kuma a hannun gwamna yake bisa dokar filaye ta 1978. Ke nan mai ginin da za a kai wa sanarwa sau da yawa shi ne mai son filin don sabon gini. Masu son a ceci irin wannan ɗaki sai su riga katafila: su ɗauki hotunansa ciki da waje, su nemi tsofaffin ma'aikatan jinya da suka yi aiki a ciki a rubuta abin da suka sani, sannan su aika wa hukumar takarda, su ba ma'aikatar lafiya da masarauta kwafi.