Manhajar tashin kwamfuta

Manhajar tashi ƙaramar manhaja ce da ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, ita ce kuma take ɗora babbar manhaja kamar Windows ko Linux. Idan kwamfuta ɗaya tana ɗauke da manyan manhajoji biyu ko fiye, manhajar tashi ce take nuna jerin zaɓi, ta ɗan jira, in ba a taɓa komai ba ta shiga wadda aka sa a gaba. Ana ganin haka a wurin wasu ɗaliban kimiyyar kwamfuta, waɗanda ke ajiye Linux don karatu, su bar Windows don rubutu da buga takardu.

Tarihi

Tsarin da aka daɗe a kansa ya samo asali ne daga kwamfutar IBM PC ta 1981 da BIOS ɗinta, wato manhajar da ke dashe a cikin na'urar, wadda take kiran manhajar tashi. A 1983, da fitowar PC DOS 2.0, aka shigo da MBR, wato gurbin farko na faifan ajiya, mai bayit 512 kacal. Umarnin tashi ya ɗauki bayit 446, teburin rabon faifai ya ɗauki 64, biyun ƙarshe kuma hatimi ne. Teburin yana ɗaukar manyan yankuna huɗu ne kawai. Wannan ƙunci shi ne tushen yawancin rigimar da ta biyo baya: gurbin ɗaya ne, duk manhajar da aka ɗora daga baya sai ta rubuta nata a kan na wadda ta riga ta. Shi ya sa masu gyara har yau suke cewa a fara sa Windows, sannan Linux ta biyo.

Werner Almesberger ya fitar da manhajar tashi mai suna LILO a 1992, ta kuma yi shekaru tana jan ragamar Linux, duk da cewa kowane ɗan canji sai an sake rubuta ta a faifai. An daina raya ta a ƙarshen 2015. Erich Boleyn ya fara wata manhajar tashin, GRUB, a wajajen 1995, a 1999 ta shiga aikin GNU na samar da manhajoji masu 'yanci. Fifikonta shi ne tana iya karanta fayiloli daga faifai da kanta tun kafin babbar manhaja ta tashi. An sake gina ta daga tushe a matsayin GRUB 2. Ubuntu, wani nau'in Linux, ta karɓe ta a 2009, cikakkiyar sigar 2.00 kuma ta fito a 2012.

A ɓangaren Microsoft, manhajar tashi NTLDR da fayil ɗin saitinta, boot.ini, suka yi aiki har zuwa Windows XP. Daga Windows Vista aka koma ma'ajiyar saitin tashi mai suna BCD.

Intel ta fara aikin EFI, tsarin da zai maye gurbin BIOS, a cikin shekarun 1990, a 2005 aka kafa ƙungiyar UEFI da ta ci gaba da shi. A wannan tsari kowace babbar manhaja tana ajiye fayil ɗin tashinta a wani ƙaramin yanki na faifai, gefe da gefe, ba tare da ta goge na wata ba. Wannan gyara ne na gaske.

Gyara saiti

A Ubuntu da danginta ana buɗe fayil ɗin /etc/default/grub. GRUB_DEFAULT yana nuna wadda za ta tashi da kanta, ana kuma ƙirga jerin daga sifiri, GRUB_TIMEOUT kuma yawan daƙiƙoƙin jira ne. Canjin ba ya kamawa sai an ba da umarnin update-grub. Daga GRUB 2.06 ta 2021, os-prober mai gano sauran manhajoji yakan zo a kashe, don haka Windows kan ɓace daga jerin sai an kunna shi. A Windows ana amfani da msconfig ko bcdedit, jiran da ta zo da shi daƙiƙa 30 ne. Yawancin kwamfutocin HP da ake samu a shagunan Katsina suna buɗe jerin tashi da F9, Dell kuma da F12.

Matsaloli

Linux tana ajiye agogon na'ura a kan lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida. Da yake Najeriya tana gaba da UTC da awa ɗaya, mutumin Daura da ya fito daga Linux ya shiga Windows zai iya ganin agogo ya koma baya da awa guda, abin da ke da illa ga mai duba lokacin salla ko lacca a allon. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a cikin Linux yana daidaita su. Saurin tashi da Windows 8 ta kawo ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, yakan bar yankin Windows a kulle ta yadda Linux ba za ta iya rubutu a ciki ba.

An yi taƙaddama a wajajen 2012 kan Secure Boot, tsarin UEFI da ke hana tashin manhajar da ba ta da sa hannun da aka amince da shi: masu goyon baya sun ce kariya ce daga mugayen manhajoji, masu suka suka ce zai taƙaita 'yancin mai kwamfuta. Ubuntu da Fedora, ita ma nau'in Linux, suna tashi a ƙarƙashinsa ta hanyar wata ƙaramar manhaja mai suna shim da Microsoft ta sa wa hannu.