Wai bakwaini ya fi ɗan wata takwas tsira?

An daɗe ana cewa bakwaini ya fi jaririn wata takwas rayuwa. Maganar ta tsufa, har a rubuce-rubucen likitocin tsohuwar Girka akwai ta, sai dai binciken asibiti ya nuna akasin haka.

Huhu ne ke raba gardama. Akwai wani sinadari mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iskar huhu mannewa, kuma ba ya wadata sai ciki ya kai wajen mako 34 zuwa 36. Jaririn mako 30, wato bakwaini, kan zo da ƙarancinsa, numfashi ya gagare shi, har likita ya zuba masa sinadarin ta maƙogwaro. Na mako 34 kuwa, wato ɗan wata takwas, ya fi shi nauyi da riƙe ɗumin jiki, ya ma fara iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi.