Waiwaye: Doguwar tafiyar Dune daga littafi zuwa fim

A 1957 wani ɗan jarida Ba'amurke, Frank Herbert, ya je garin Florence a jihar Oregon don ya rubuta rahoto kan yadda ake dasa ciyawa a tare yashin da ke binne hanyoyi. Rahoton bai fito ba, amma yashin ya zauna masa a rai. Daga nan ya ƙago Arrakis, duniyar da ba a ruwan sama, inda mutum ke sa rigar da ke tace guminsa ya sake sha, gidajen sarauta kuma suna kashe juna kan melange, sinadarin da sai a can ake samunsa.

Kamfanonin ɗab'i sama da 20 sun ƙi littafin da ya rubuta kan wannan duniyar, wato Dune. Chilton, da aka fi sani da littattafan gyaran mota, shi ya buga shi a 1965, littafin kuma ya ci kyaututtukan Nebula da Hugo, waɗanda ake ba ƙagaggun labaran kimiyya. Herbert ya ƙara guda 5 kafin mutuwarsa a 1986.

Masu fim kam sun ji jiki. Alejandro Jodorowsky ya yi shekaru yana shiri, har da ɗauko shahararren mai zane Salvador Dalí ya fito a sarki, masu kuɗi suka janye. David Lynch ya cusa labarin cikin awa 2 da 'yan mintuna a 1984, fim bai yi kasuwa ba, shi kansa ya barranta da shi. Sai Denis Villeneuve ya gane cewa kayan sun fi ƙarfin jaki ɗaya, ya raba su biyu, 2021 da 2024, ya ɗauki hotuna a hamadar Wadi Rum ta Jodan da ta Abu Dhabi. Kashi na farko ya kwashe Oscar 6.

Na ji daɗin fina-finan ƙwarai, amma abu ɗaya na ci min rai. Bahaushen da ya buɗe littafin zai ci karo da kalmomin da ya sani tun yana ƙarami: Mahadi, jihadi, gaibu. Da gangan Herbert ya sa su, don ya nuna abin da ke faruwa idan talakawa suka miƙa wuya ga mutum ɗaya da sunan mai ceto. A littafi na biyu, na 1969, yaƙin da aka yi da sunan jarumin, Paul Atreides, ya ci rayuka biliyan 61. Villeneuve ya bar Mahadi a bakin mutanen hamada, amma ya cire jihadi, ya ce "yaƙi mai tsarki". Da wannan sauyin mai kallo ya rasa rabin nauyin abin da Paul yake tsoro tun daren da ya kwana cikin tanti da mahaifiyarsa.