Bin sawun abu da ido: me ake nufi, kuma ina yake kuskurewa?

Idan masana ilimin gani suka ce bin sawun abu, suna nufin yadda mutum ke gane cewa abin da ya gani ɗazu a can shi ne yake gani yanzu a nan, ko da ya gusa, ya juya, ko wani abu ya kare shi na ɗan lokaci. Aikin ƙwaƙwalwa ne, don ido ba ya zama wuri ɗaya. Yakan zabura sau uku zuwa huɗu a daƙiƙa, kuma inda yake gani tar-tar bai fi faɗin farcen babban yatsa ba idan ka miƙe hannu.

A 1988 Zenon Pylyshyn da Ron Storm suka auna abin a Kanada. Alamomi goma iri ɗaya sak a fuskar kwamfuta, wasu su yi walƙiya don a san su ne za a bi, sannan duka su watsu suna yawo na 'yan daƙiƙoƙi. Yawancin mutane na iya riƙe huɗu ko biyar. Amma adadin ba kafaffe ba ne: binciken George Alvarez da Steven Franconeri na 2007 ya nuna idan tafiyar a hankali ce ana kaiwa takwas, idan gudun ya tsananta sai ɗaya tak.

Abin lura shi ne ƙwaƙwalwa ta fi dogara da wuri da hanyar da abu ya bi, kamanninsa na biyo baya. Shi ya sa mutum kan nuna duk huɗun daidai amma ya kasa faɗin wanne ne wanne. Idan abu ya shige bayan wani, tana ƙiyasta inda zai ɓullo, duk abin da ya fito ta nan a kan lokaci sai ta ɗauka shi ne. Wanda ya bi wata adaidaita sahu da ido a cunkoson Kano, ta shige bayan tirela, wata mai launin ɗorawa irinta ta fito, zai bi ta biyun ba tare da ya ji ya yi kuskure ba. A nan haɗarin yake, kuskuren ba ya sanar da kansa.

Cunkoso na ɓata aikin sosai, musamman a gefen gani, inda abubuwa biyu da suka kusanci juna ke cakuɗewa. Rarrabuwa kuwa na sauƙaƙa aikin: biyu a hagu biyu a dama sun fi sauƙin bi da huɗu a gefe ɗaya, don kowane ɓangaren ƙwaƙwalwa na kula da nasa rabin.

Akwai sashe a bayan ƙwaƙwalwa, V5, mai gane motsi. A 1983 Josef Zihl ya bayyana wata mata a Jamus da wannan sashe ya lalace mata a ɓangarori biyu. Tana ganin mota sarai, launi da siffa, sai dai ta gan ta nesa, can kuma ga ta dab da ita, babu abin da ya haɗa tsakani. Zuba shayi ma ya gagare ta, don ba ta ganin yana hawa a kofi har ya malala.